Ciwon da Aka Ce a Zuba wa Ido

Zuwa ga taubashiyata Uwar Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Biyu da su biyun, waɗanda na san yanzu sun fi ƙarfin a kira su yara. Ni ma lafiyata ƙalau. Ba ni na faɗa ba, likitocin ƙasar nan ne suka faɗa, kuma da yabonsu zan fara, don ban taɓa ganin mutanen kirki irinsu ba.

Na tsufa a kasuwa, amma ban taɓa haɗuwa da mai kaya da zai ce wa mai saye "kada ka saya yau" ba, sai a asibitin nan. Ga magani a hannunsu, ga ni na kawo kaina da ƙafata, ga ciwo sun gani da na'urarsu, amma suka ce in koma gida. Irin wannan rashin kwaɗayi, da a layinmu na masu jaka ne, sai an taru an tafa wa mutum, sannan a kai shi a duba masa kai.

Bari in faro miki daga tushe. Ina aske gemu na ji wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙina. Na ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba, sai ma ta yi ƙanwa a hammata. Ba zafi, ba zazzaɓi. Aka yanki kaɗan aka auna, aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da bututu aka ɗauki hotona ciki da waje. Sakamako ya fito: ciwon daji ne na kaluluwa, wai shi folikula limfoma. Suna kamar tambarin jakar mata mai tsada.

Likitar yarinya ce, ba ta kai biyunki ba. Ta ce irin wannan mai tafiyar hawainiya ne, mutum yakan yi shekaru da shi yana harkarsa. Na ce madalla, yaushe za a fara magani? Ta ce ba yanzu ba.

Na ce, "Likita, ko maganin ya ƙare ne a kanti?"

Ta yi dariya ta ce akwai shi. Amma a nan, in dai ciwon bai fara damun mutum ba, zuba masa ido suke yi. In zo duk bayan wata uku, a ɗibi jini, a lalube ni, a sallame ni.

Na ce, "Ai yana damuna."

Ta ce, "A ina?"

Uwar Biyu, na ɗaga hannu zan nuna mata, na rasa inda zan ɗora shi. Sai na gyara hulata kawai.

Na tuna an taɓa cewa irin wannan ne ya kama Baban Biyu, shi ya sa na rubuto. A ƙasarku ma kallo suke yi? Na san rabonmu da haɗuwa tun ina da gashi a ka, amma kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, wasan da ke tsakanin 'ya'yansu mu muka gada, saboda haka ba ki da ikon ƙin amsa mini. A takarda na rubuto da gangan. Saƙon murya a danginmu kamar tabarma ce a tsakar gida, duk wanda ya zo wucewa sai ya zauna a kai. Tun da matata ta rasu ba wanda na gaya wa ko ciwon kai, ba zan fara da ciwon daji a gaban taro ba.

Naki, ko kina so ko ba kya so,
Mai Jaka

*

Zuwa ga Mai Jaka,

Wa alaikas salam. Duk muna lafiya, Baban Biyu yana gaishe ka da jiki. Wasiƙarka ta same ni a kan keken ɗinki, na karanta, na kasa zura zare a allura har yamma.

Har yanzu bakin nan naka bai mutu ba. Kana ba ni labarin ciwon daji kana wasa kamar mai tallan jaka. To ni ban yi dariya ba. Ka saurare ni da kyau.

Ciwon Baban Biyu shi ne naka, sunan ma ɗaya, na ɗauko katinsa na gwada harafi da harafi. Shi ma bai ji zafin komai ba. Amma a nan ba wanda ya ce mana mu je mu zauna. Da sakamako ya fito suka sa masa rana. Ƙarin ruwa ne, ba mai zubar da gashi ba, wani ne da ke bin ƙwayoyin ciwon. Da farko duk mako, daga baya duk bayan wata biyu, har shekara biyu. Ga shi nan yanzu, kaluluwar ta baje, yana cin abinci kamar mai biyan bashin yunwa, yana yi mini gardama a kan labaran rediyo.

To kai me ya sa za a hana ka? Ni dai a sanina ba a hana mutum magani sai an fid da rai da shi, ko kuma an ga baƙo ne ba shi da mai tsaya masa. Likita ba za ta faɗa maka a fuska ba, murmushi za ta yi ta ce a zuba ido. Ka je kai kaɗai, ka dawo kai kaɗai, wa zai ɗaga musu murya?

Mu ban taɓa barin Baban Biyu ya je shi kaɗai ba. Ɗakin ƙarin ruwan dogo ne, kujeru a jere, kowace da ƙaramar kujera a gefe ta ɗan rakiya. Nakan tafi da fulas ɗin shayi da ɗinkin hannu. Yana gyangyaɗi ina kalmasa bakin zane, in ruwan ya kusa ƙarewa in kira nas. In sanyi ya kama shi in rufa masa gyalena a ƙafa. Haka ake ciwo, Mai Jaka, ba a yin sa a tsaye a bakin rumfa.

Ka tattaro ka zo. Ɗakin da nake ɗinki zan kwashe, in mayar da keken falo. Tagarsa tana kallon titi, za ka samu waɗanda za ka riƙa yi wa tsiya. Kafin nan ka aiko mini da kwafin takardun asibitinka, in kai wa likitan Baban Biyu ya gani.

Kada ka tsaya yi mini ciniki. Ba saye na zo yi ba.

Taubashiyarka kuma uwar ɗakinka,
Uwar Biyu

*

Zuwa ga Uwar Biyu, wadda ta naɗa kanta uwar ɗakina ba tare da shawara ba,

Ina gaisuwa. Jiki da sauƙi, wato yana nan yadda yake. Ƙullutun suna gaishe ki, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, zaman haya suke yi ba sa biya.

Kin yi tayi. A ƙa'idar sana'ata tayin farko ana cewa albarka, ko da zuciya tana tsalle. To albarka. Yanzu da na cika ƙa'ida, bari mu yi magana.

Zancen fid da rai da kika kawo, ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Likitar ta yi bayani mai tsawo, har da zane a takarda, ni kuma kin san bokona rabi ne, wani ya shiga, wani ya tsaya a bakin ƙofa. Ke da kika yi shekara biyu a kujerar asibiti kin fi ni sanin fuskar likitoci. Yadda kika fahimta, mu bar shi a haka.

Kujerar nan ta ɗan rakiya, wace iri ce? Tana da wurin jingina? Ina tambaya ne don kada bayanki ya yi ciwo a dalilina. A asibitinmu ma akwai irinta a ɗakin jira. Ni jakata nake ɗorawa a kai. Ranar nan wata mata ta tambaye ni ko da mutum a wurin, na ce yana zuwa. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ta tafi ta tsaya a jikin bango, ni kuma kunya ta hana ni ɗauke jakar har aka kira ni.

Kin ce tagar ɗakin tana kallon titi. Tawa tana kallon bangon maƙwabta ne, da bututun ruwansu. Ɗakin rabinsa gado, rabinsa akwatunan da suka yi kwantai, na jera su har rufi. In na yi tari su ne ke amsawa. Duk wanda zai yi tafiya a unguwar nan a hannuna ya sayi akwati, na gwada masa zif, na ja masa taya a ƙasa ya ji ba ta ƙara, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa ko ɗaya ban taɓa zuba wa kayana ba.

Matsalar ita ce rumfa. Dokar kasuwarmu, ba a rufe rumfa a tafi. In ta daɗe a kulle ofishin kasuwa ya karɓe ya ba na gaba a layi, kuma layin ya fi na masu neman aljanna tsawo. Ko ka zauna a cikinta, ko ka sallama ta gaba ɗaya. Maƙwabciyata Mai Lema ta daɗe tana yi wa rumfar nan kallon da kyanwa ke yi wa kifi. Na ɗan taɓa mata zancen, na ce wataƙila in yi tafiya neman magani.

Ta ce, "Wayyo, Baba Mai Jaka, Allah ya sawwaƙe! Kasuwar nan ba kai ai ta zama kango." Tana faɗa tana auna faɗin ƙofata da ido.

Na ce, "Hawayen ki bari sai na tafi, yanzu ki rage murnar."

Ta ce, "Kai dai ba a iya maka. Wa zai riƙa zagina da safe?"

Wannan ta faɗi gaskiya, kuma ni ma na tambayi kaina.

Ga kwafin takardun na haɗo. Ki gaya wa Baban Biyu ya shirya, ya samu abokin gardama. Na sallama.

Mai Jaka

*

Uwar Biyu,

Gaisuwa. Lafiya lau nake. Shiru na ji, na ce ko takardun ne suka yi wa ɗan aike nauyi.

Ba ƙorafi nake ba. Na san mai gida da miji da ɗinki ba ta zauna jiran wasiƙar tsohon ɗan kasuwa ba. Amma akwatin wasiƙun gidanmu ya gaji da ni. Mai shara ya fara ce mini, "Ba a kawo ba, Baba," tun kafin in sauko daga matakala.

Na ɗauki shirunki a matsayin kina can kina kwashe ɗaki. Ni ma ban zauna ba. Na yi gwanjon kwantai, jakunkunan makaranta da na hannu duk sun tafi. Ofishin kasuwa suka ce in ba su amsa kafin a sabunta rajistar rumfuna, ba su san wani abu wai shi jiran taubashiya ba. Na sa hannu na sallama wa Mai Lema rumfar. Mai Lema ta karɓi mabuɗi da hannu biyu, har da durƙusawa. Washegari na bi ta wurin, ta riga ta fasa katangar da ke tsakaninmu, lemomi a rataye inda akwatuna suke.

Akwati ɗaya na rage, mafi kyau, mai taya huɗu. Na zuba kaya. Ashe duk abin da na mallaka bai cika shi ba, sai da na cusa filo don kada kayan su riƙa yawo.

Na je ganin likita kamar yadda aka saba. Ta lalube ni ta ce komai yana nan daram, ta yi murna ƙwarai. Ban gaya mata zan tafi ba. Ba a gaya wa mai kaya cewa za a koma shagon gaba.

Ki faɗa mini lokacin da ya dace in nemi biza da tikiti.

Mai Jaka

*

Zuwa ga Mai Jaka,

Sallama da gaisuwa, da neman afuwa. Na san ka zage ni a zuci, na yafe maka. Ƙaramar cikin biyun ce ta haihu, haihuwar ta zo da gardama har sai da aka yi mata aiki. Na tare a asibiti, daga nan na dawo da ita gida da jaririn. Namiji ne, hancinsa irin na danginku, Allah ya sa bakin ba irin naka ba. Wasiƙarka mai takardu ita ce ta ƙarshe da na samu, ita nake amsawa.

Albishirinka! Na kai wa likitan Baban Biyu takardun. Ya karanta tsaf, ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, wa ya ce miki an fid da rai da mutumin nan?" Na ce ai magani suka hana shi. Ya yi dariya har na ji kunya.

Ya ce hanya biyu ce, kuma duk daidai ne. Su a nan sun fi son fara ƙarin ruwan da wuri, don yana kwantar wa mutane da hankali, yana kuma jinkirta ranar da za a buƙaci magani mai ƙarfi. A wasu ƙasashen kuma, irin taku, sun fi son a jira, don kada a ɗora wa mai lafiya wahalar magani da raunin garkuwar jiki tun bai buƙata ba. Ya ce an gwada an gani, da wanda aka fara wa da wuri da wanda aka jira, tsawon ransu ba ya bambanta. Har akwai waɗanda suke shekaru da yawa ba a taɓa sa musu allura ba. Na ce to me ya sa Baban Biyu ya sha shekara biyu a kujera? Ya ce don a nan ya kamu, da a can ne wataƙila da yanzu kallonsa ake yi. Baban Biyu ya ji wannan, tun ranar yake ce mini in biya shi gyangyaɗinsa.

Ya ce likitarka ta san aikinta, ka zauna wurin waɗanda suka san jikinka. Baƙo mai bizar ziyara ma ba a sa shi a tsarin shekara biyu. Abin da za ka kula da shi: zazzaɓi marar dalili, zufa mai jiƙa zanin gado, rama, ko ƙullutun ya girma sosai. Ya ce in ɗaya ya kai kamar santimita bakwai, ko jini ya fara raguwa, to a ko'ina a duniya magani ake farawa, su ma can ba za su tsaya kallo ba. Naka kuwa ko rabin haka bai kai ba.

Wallahi na fito daga ofishin nan kamar an sauke mini dutse. Na yi ta kuka a motar haya, direba yana ba ni haƙuri, ina ce masa na murna ne. Ni ce na tayar maka da hankali a banza, ka yafe mini. Kai ma da laifinka, da ka yi mini bayani sosai maimakon wasa.

Ɗakin da na kwashe bai yi asara ba, mai jego da jaririnta ne a ciki. Ka ga yadda Allah ke tsara abinsa.

Ka zauna lafiya a rumfarka, kada ka kuskura ka bar wa Mai Lemar nan ko taku ɗaya. Ka ci abinci, ka riƙa zuwa awonka. In an kwana biyu ka rubuto.

Taka,
Uwar Biyu

*

Zuwa ga Uwar Biyu, kakar ɗaya,

Barka da arziki. Allah ya raya yaro, ya ba mai jego lafiya. Hancin danginmu ba abin raini ba ne, da shi muke shinshino ciniki tun daga bakin ƙofa. Ni ma lafiyata ƙalau, yanzu ƙasa biyu ne suka tabbatar.

Goron albishir sai mun haɗu. Likitanku mutumin kirki ne, kusan ya kamo tawa. Duk abin da ya faɗa miki, ita ma ta faɗa mini tun ranar farko, har da zanen. Bokona rabi ne, amma rabin da ke aiki ya gane. Ban yi miki ƙarya ba. Mai saye ce ta zo ta ga kaya ta sa musu daraja da kanta, ni kuma ban taɓa jin ɗan kasuwar da ya ce a rage ba.

Akwai wata wasiƙata da ta yi saɓani da taki a hanya. Wataƙila ta iso yanzu. In ba ki buɗe ba, ki sa ta ƙarƙashin ƙafar keken ɗinki, za ta hana shi rawa. In kin buɗe, to kin san Mai Lema ba taku ɗaya ta samu ba. Kada ki yi kuka a motar haya a kan wannan, direbobi suna da nasu. Ni na sa hannu, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Na je ofishin kasuwa na tambaya ko ana warware ciniki, magatakarda ya ce ana iya rubuta sunana a layi. Na leƙa layin. Wanda ke gabana bai fara gemu ba.

Yanzu da safe nakan yi wanka in sa kaya in fita kamar mai zuwa wani wuri. In zaga ta kasuwa. Mai Lema takan ba ni kujera, ta ce, "Baba, ba ka tafi ba?" In ce ana shirye-shirye. In mai saye ya zo sai in ga na tsare hanya, in tashi. Jiya wani ya tambaye ta ina mai jakar da ke nan da, ta ce ya tafi ƙasar waje magani. Ina zaune a gefenta. Ban gyara mata ba, labarin ya fi nawa daɗi.

Ban ce a tashi mai jego ba, Allah ya kiyaye. Ni mutum ne mai bin ƙa'ida, kuma na ga kowane wuri da tasa. Asibitinmu sun faɗi tasu, likitanku ya faɗi tasa, har da awo. Saura taku. Na sayi tef irin naku na teloli, kullum da safe nakan tsaya gaban madubi in gwada, abin ko motsi ba ya yi.

Shi ya sa nake so ki tambayar mini Baban Biyu, tunda shi ne mai gidan, kuma ya san ciwon: in mutum yana so ya zo gidanku ya zauna a falo ya sha shayi kawai, santimita nawa ake nema?

Mai Jaka